Wa ya taɓa yin doguwar tahiya cikin jirgin ƙasa? Ku ba mu labari

Dan_Bagalam:
Assalamu alaikum ƴan gida. Shekaranjiya na dawo daga Katsina ta Jibiya, a hanya na hangi inda ake aikin layin dogon nan da anka ce zai zo har Maradi, an tula ƙasa kamar tudu ga manyan motoci suna ta kai da kawo. Da na iso gida ina ba uwargida labari sai ɗiyata ƴar shekara shida ta tsare ni da tambaya, Baba jirgin ƙasa shina da taya? ina mutane ke kwana? in mutum ya ji yunwa hwa? Ni kuma shekarata 34 ban taɓa sa ƙahwa cikinshi ba. Don Allah waɗanda sunka taɓa doguwar tahiya a ciki ku ba mu labari, na dariya da wanda ba a mantawa, in samu abin da zan hwaɗa mata.

Zara_AliDanSofo:
Wa alaikumus salam. Nima na gyara zama, ban taɓa shiga ba.

Alhaji_MaiGoro:
To yaro ka taɓo inda ke mani ƙaiƙayi. Zamanin Shagari ina yaron wani maigida muna sarin goro a Agege, mota muke shiga daga nan mu tahi Kano, daga Kano sai jirgi. Zariya, Kaduna, Minna, Zungeru, Jabba, Ilori, Offa, Oshogbo, Badun, Abekuta har Ikko, sama da kilomita 1,100. In Allah ya taimaka kwana ɗaya da wuni, in bai so ba kwana biyu ko uku, kuma ba mai ce maka ga dalili.

Wata tahiya akwai wani bawan Allah mutumen Gumel da matarshi a taragonmu, mutum mai fara'a tun Kano yake rabon dabino. Da munka tsaya Minna ya ɗauki buta ya sauka zai yi alwala, an ce mai Malam kada ka yi nisa ya ce ai jirgin ga ba ya tashi da wuri. Bai gama wanke ƙahwa ta biyu ba sai jirgi ya yi kuka ya motsa. Jama'a kun ga gudu! Babbar riga ta cika da iska, takalmi guda ya hita, hula ta tahi, amma buta tana hannu bai yar ba. Duk tagogi an leƙo ana Malam ƙara mai, Malam saura kaɗan, mu dai munka ga kwana ta ɓoye shi ba mu san yadda ta ƙare ba. Matar ta hwashe da kuka ta ce ita ba ta san kowa ba a Ikko ko sunan unguwar ba ta riƙe ba, mata sunka kewaye ta, wani dattijo ya cire hularshi anka shiga tara mata kuɗɗin komawa gida. Ashe mutanen taragon ƙarshe sun jawo shi ciki. Muna tsayawa Zungeru sai ga shi bakin taga shina haki, da butarshi har da sauran ruwa. Matar ta dube shi sama da ƙasa hawaye na zuba, abin da ta hwara cewa shi ne, Malam ina takalminka guda? Wallahi har wanda ke barci sai da ya tashi don dariya.

Sani_Kabu2:
Hhhhhh Baba Alhaji to kuɗɗin da anka tara hwa? an maida ma kowa nashi?

Alhaji_MaiGoro:
Wa zai amsa? Kowa ya ce ya yahe. Anka sai mai silifa, sauran anka sayi doya soyayya da kihi taragon gaba ɗai ya ci.

Zara_AliDanSofo:
Ni matar ta ban tausayi wallahi, ka yi tunani kana tsakiyar ƙasar da ba ka sani ba mijinka ya ɓace. Allah ya saka ma wannan dattijon mai hula.

Injiniya_Jiratawa:
Baba ya ce ba mai faɗin dalilin tsayuwa, bari in ɗan taimaka. Tsohon layin Kano zuwa Ikko layi ɗaya ne, na zuwa da na dawowa duk kansa suke bi, to dole ɗaya ya raɓe a tashar da ke da layin gefe ya jira ɗan'uwansa ya wuce, idan wancan ya makara kai ma ka makara ko da awa biyar ne. Kuma ƙaramin layi ne, tsakanin ƙarfe da ƙarfe milimita 1,067, ga kwana-kwana da yawa, shi ya sa ba ya gudu sosai har mai buta zai iya kamo shi lokacin da yake tashi. Tun 1911 layin ya iso Kano fa. Sabon da ake yi mana 1,435 ne irin na Abuja zuwa Kaduna, wannan kam in ya tashi ka yi haƙuri kawai.

Hajiya_Ƴandaka:
Salamu alaikum. Ɗana ne ya nuna mani wagga hira ya ce Inna ke ma ki ba da naki, ni ke hwaɗi shi ka rubutawa. Ni na Abijan na shiga. Ɗiyata ta hwari can take aure a unguwar Ajame, da ta haihu na tahi wankan jego na yi wata biyu, da zan dawo surukina ya ce ƙahwahuna ba za su ɗauki zaman kar, wato bas, ba gara jirgi har Wagadugu sannan in hau mota zuwa Yamai. A tashar Tireshbil ta Abijan munka shiga.

Kusa da ni wata tsohuwa ce Bamosa, ba ta jin Hausa ba na jin yarenta, ita ba Faransanci ni ba Faransanci, amma kahin mu kai Buwake na san ɗiyanta nawa na san mijinta ya rasu na san ƙugunta na ciwo, duk da hannu. Ta ba ni aceke da kihi na ba ta dambun nama. Ƙarƙashin kujerarta akwai kwali an huda mai ramuka, ni na ɗauka kayan miya ne. Can cikin dare kowa ya yi laushi an kashe hira, sai kawai munka ji cara daga ƙarƙashin kujera, irin ta ƙaton zakaran nan mai cika gida. Wani mai kwat da ke barci baki buɗe ya zabura har jakarshi ta hwaɗi. Anka diba agogo, lokacin asuba ne daidai ko minti bai kuskure ba. Daga nan Hausawan ciki sunka sa mai suna Ladan, kowa ya wuce sai ya duƙa ya ce Ladan ina kwana, yara na tura mai gutsuren burodi ta ramin kwali.

Amma abin da ya tsaya mani a rai a Banfora ne. Na sayi mangwaro ta taga wurin wata yarinya da ba ta wuce shekara goma ba, na miƙa mata jikka guda ta tahi neman canji sai jirgi ya tashi. Na ce shi ke nan Allah ya sa rabonta ne. Ina zamne sai na ji ana buga jikin tarago, yarinyar ga ce take gudu ba takalmi tire a hannu guda, ta ƙulle canjin cikin leda ta wurgo ta taga ya hwaɗo bisa cinyar tsohuwar. Na ƙirga, ko dala ba ta ɓace ba. Har yau in na yi salla ina sa ta cikin addu'a ban san sunanta ba.

Dan_Bagalam:
Allahu akbar. Inna na gode ƙwarai, wannan na Ladan shi zan hwara ba ta yau da dare.

Nafi_Zariya2:
Inna kin sa ni dariya kin kuma sa ni hawaye. Allah ya albarkaci rayuwar yarinyar nan duk inda take.

Direban_Kwatano:
Ku yi ta jin daɗin labari, ni dai sai na ga jirgi da idona tsaye a Maradi sannan in yarda. Ba mu ga na Yamai zuwa Doso ba? Kilomita wajen 140 anka shimfiɗa, a 2016 anka yi biki da kiɗa da komi, duk sati ina bin hanyar nan ina ganin ƙarfen kwance, awaki ke kiwo a kai. Ko hwasinja ɗaya ya taɓa sayen tike ya tahi Doso da shi?

Injiniya_Jiratawa:
Yaya Direba maganarka gaskiya ce kan na Doso, amma wancan an so ne ya haɗe da na Benin wanda ya tashi daga Kwatano ya tsaya Paraku, kilomita 438, to tsakiyar ce ba a yi ba shi ya sa ya zama layin da bai kai ko'ina ba. Namu kuwa daga Kano zai taso inda dama akwai jirgi. Kilomita 284 ne, Buhari ya ƙaddamar a Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil na Fotugal ke aikin, zai bi Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina, Jibiya sannan ya tsallako.

Direban_Kwatano:
Na ji. To in ya zo mu masu kamiyo ina za mu? Mutum nawa ke ci daga mota guda kun sani? direba, yaran mota biyu, makanike, mai faci, mai tuwon tasha. Ba ina baƙin ciki ba ne wallahi tsoro nake ji.

Alhaji_MaiGoro:
Ɗana kwantar da hankalinka. Lokacin gyaɗa ai motoci ne ke kwasa daga nan su kai Kano bakin jirgi, jirgi ba ya shiga Dakoro ba ya shiga Mayahi ba ya shiga Tasawa. Kayan da zai sauke wa zai kai su ƙauye in ba ku ba?

Prof_Madarunfa:
Ƙarin bayani kan maganar Alhaji, akwai ma reshen da ya tashi daga Zariya ya bi Funtuwa da Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda tun 1929, don gyaɗa da auduga aka yi shi. Kenan kusan shekara ɗari jirgi yana kusa da mu bai ƙaraso ba.

Zara_AliDanSofo:
Don Allah a dawo kan labarin dariya, kun maida mu lakol 😂

Etidiyan_Ujda:
Yaya Zara ga naki. Ni a Maroko nake karatu, in mun sauka Kasablanka jirgin dare muke shiga zuwa Ujda, kusan awa goma. Shekarar farko mu biyu ne da wani abokina ɗan Tibiri, an haɗa mu ɗaki guda da wani tsoho Balarabe mai jallabiya da matarsa. Dare ya yi yunwa ta taso abokina ya buɗe jaka ya fito da kilishin da innarsa ta ƙulle masa. Tsohon ya ƙura ido, ya karɓi falle guda ya juya gaba ya juya baya ya ɗaga shi wajen fitila, ya tambaye mu wai fatar takalmi muke sayarwa? Muka ce Baba nama ne. Ya ce haram in nama ne wannan. Abokina ya gutsura ya ci a gabansa, shi ma ya yi bismilla ya saka. Minti ɗaya shiru, sai hawaye shar, yaji ya kama shi, yana fifita baki da hula matar tana ba shi ruwa tana yi masa faɗa. Muka tsorata muna ta ba da haƙuri. Ya share ido ya miƙo hannu ya ce zid, wato ƙaro. Kafin mu kai Fas rabin kilishin ya tafi. Su kuma suka fito da burodi da zaitun da shayin na'ana'a a fulas. Da za su sauka ya rubuta mana adireshinsa a bayan tike, kuma mun je, hutun layya a gidansa muka yi shi.

Sani_Kabu2:
Fatar takalmi 😂😂 wallahi an ci mutuncin kilishi. Wai ba a Maroko ne akwai mai gudun tsiya ɗin nan ba? ya za ai awa goma

Etidiyan_Ujda:
Wancan Al Boraq ne, tsakanin Tanja da Kasablanka yake, an buɗe shi 2018, yana kai kilomita 320 a awa, awa biyu da ƴan mintoci kun isa. Bai zuwa wajenmu. Na shiga sau ɗaya, yana da kyau sosai amma ko sunan na kusa da ni ban sani ba muka sauka, kowa na kan waya.

Nafi_Zariya2:
Ni tambaya gare ni tsakani da Allah, duk wannan kwana da wuni ya ake salla a ciki? alƙibla fa tunda jirgin juyawa yake?

Malam_Mokoyo:
Tambaya mai kyau Malama. Tafiya irin wannan ta wuce nisan ƙasaru, wajen kilomita 80, don haka azahar da la'asar da isha'i raka'a biyu-biyu ne, kuma akwai sauƙin haɗa azahar da la'asar, magariba da isha'i. In an san za a tsaya tasha cikin lokaci gara a jira a sauka a yi a ƙasa. In lokaci zai fita sai a yi a ciki, a fuskanci alƙibla gwargwadon iko, in jirgi ya juya kuma akwai hali a juya, wanda ya kasa tsayuwa ya zauna. Sai dai a lura da jirgi kada a zama mutumin Gumel.

Alhaji_MaiGoro:
Malam ka tuna mani. Mun taɓa yin jam'i a ɗan hilin da ke bakin ƙohwa, mu shida liman na gaba, an yi ruku'u ke nan jirgi ya taka birki. Sahu gaba ɗai ya tahi bisa liman. Bawan Allah daga ƙasan mutane munka ji ya ce sami'allahu liman hamida, bai yanke ba, munka miƙe anka ƙarasa. Sai bayan sallama dariya ta ɓalle, shi liman ɗin ya hi kowa.

Sai kuma gadar Jabba. Nan kam ba a dariya, jirgi na rage gudu ka leƙa ka ga Kwara ƙarƙashinka ba iyaka ƙarfe na ƙara, kowa ya kama ayatul kursiyyu har ƴan caca na ɓoye karta. Wata gyatuma ta ruhe ido da gyale tana cewa mun wuce? mun wuce? jikanta ya ce mun wuce Kaka, ta buɗe ta yi hamdala, ba ta san tsibiri ne a tsakiya ba gada biyu ce. Tana buɗe ido munka hau ta biyu. Dundun da yaron nan ya sha Allah kaɗai ya sani.

Bashir_Sura:
Ba duka ne na dariya ba jama'a. Ni duk aka yi zancen jirgi sai na tuna waɗanda harin 28 ga Maris 2022 ya rutsa da su a hanyar Abuja zuwa Kaduna, sati biyu kafin nan na bi shi. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu. In namu ya zo a dubi maganar tsaro da gaske don mun san halin da dajin iyakar nan yake ciki.

Malam_Mokoyo:
Amin ya Allah. Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasashenmu biyu.

Nafi_Zariya2:
Amin.

Ummu_Khalil:
Nawa ba dogo ba ne sosai amma ba zan manta ba. Na raka mahaifiyata umra muka shiga jirgin Haramaini daga Makka zuwa Madina, kilomita 450. Mun zauna na ba ta shayi ta ɗora kofin a ɗan teburin gabanta tana jan carbi. Can ta taɓo ni ta ce wai yaushe za mu tashi ne, kada la'asar ta same mu nan. Na ce Inna ai mun wuce Jidda tuni, na nuna mata allo an rubuta 300. Ta dubi shayin ko motsi bai yi ba, ta dubi taga duwatsu na wucewa kamar ana jan zane, ta yi shiru. Sai na ga tana kuka. Na ce lafiya? Ta ce babanta ta tuna, da ƙafa da jaki ya bar Gobir ya bi ta Cadi ya shiga Sudan, ya tsaya ya yi aikin auduga ya tara guzuri, a can ya fara ganin jirgin ƙasa, yana ba su labari wai a saman rufi suka zauna da rawani ɗaure a fuska saboda ƙura har bakin teku. Shekara uku kafin ya ga Ka'aba. Ita kuma ga ta za ta yi Makka zuwa Madina shayinta bai huce ba. Tun daga nan har muka sauka addu'a take yi masa.

Dan_Bagalam:
Allah ya ji ƙan magabatanmu. Yaya Ummu wannan kam sai ta ƙara girma zan ba ta shi.

Isuhu_Zirga:
Maganar saman rufi, ku ba ku ga na Muritaniya ba. Jirgin tama ne daga Zuwerat zuwa Nuwadibu, kilomita 704 cikin hamada, tsawonshi ya hi kilomita biyu in kana baya ba ka ganin kanshi. Mutane bisa tamar suke hawa kyauta har da tumakinsu. Na bi shi da wani ɗan Agadas lokacin muna neman aiki bakin teku, da rana zahi da dare sanyi kamar ya tsaga ƙashi, munka tona rami cikin tamar munka kwanta, wani Bamuritane ya hura gawayi nan bisa ya dahwa muna shayi zagaye uku. Taurari kam ban taɓa ganin irinsu ba. Da munka isa yayan abokin nawa ya zo tarba, sau uku shina wuce ƙanenshi shina kiran sunanshi, ƙura ta ruhe shi ido kawai ake gani, sai da ya yi magana ya gane shi.

Direban_Kwatano:
To wannan kam ko ni na sara maku. Injiniya in naku ya iso ranar hwarko ni zan sai ma Baba Alhaji tike mu je Kano tare, amma buta a jaka za ta zamna.

Alhaji_MaiGoro:
Allah ya kai mu da rai da lahiya ɗana. Ka sa da Hajiya, ita za ta riƙe muna dambu.

Dan_Bagalam:
Jama'a na gode, jiya na karanta mata na mai buta da na Ladan har uwarta ta bar wanke-wanke ta zo ta zamna. Yanzu rigima ta koma wani wuri, tun da sahe take bina wai in tambayi Kaka Hajiya ina Ladan ya kwana, an yanka shi ko ba a yanka ba. Inna don Allah a taimaka, ta ƙi tahiya lakol sai ta ji.

Hajiya_Ƴandaka:
Ka gaishe mani da jikanyata. Ka ce mata a Bobo tsohuwar ta sauka, ta hiddo shi daga kwali ta saɓa a hammata, hwari ne tas da jan tukku, duk taragon anka leƙo taga ana Ladan sai wata rana. Da hannu ta nuna mani na kiwo ne za ta kai ma kajinta. To yanzu sai jikanyata ta ɗauki jakarta ta tahi lakol.